Ba Sai da Data Ba: Lacca a Kan Koyon Gina Shafin Intanet a Makoda

   

Akwai maganar da aka mayar kamar hukuncin da aka gama yankewa duk inda aka zauna zancen koya wa matasan karkara aikin kwamfuta, wai ba a fara komai sai an kawo intanet mai ƙarfi. Shugaban makaranta ya ce yana jira a jawo masa sabis, mai horarwa ya ce kuɗin data ne ya tsayar da shi, ɗalibi kuma ya ce a garinsu sai an fita bayan gari kafin saƙo ya tafi. Cikinsu babu wanda ya yi ƙarya. Amma a fanni guda aƙalla, wato gina shafin intanet, wannan hukunci bai zauna daidai ba. Abin da na zo in kare a gabanku shi ne cewa mafi yawan aikin da mai koyo zai yi a watanninsa na farko ba ya cin data ko ta naira ɗaya. Na'ura mai caji yake buƙata, da layi ɗaya na umarni mai kalma uku. Idan haka ta tabbata, to lissafin kuɗin da ake yi wa horar da matasa a wannan ƙaramar hukuma ta Makoda, daga Koguna har Maitsidau, yana buƙatar a sake zama a kansa, domin ana zuba kuɗi a inda buƙata ba ta fi tsanani ba.

Mu fara da abin da ke faruwa idan mutum ya buɗe shafi a wayarsa. Manhajar da yake dubawa da ita, wato burauza irin Chrome ko Opera, tana aika tambaya zuwa wata kwamfuta ta ce a ba ta fayil kaza. Kwamfutar can tana da wata manhaja da ake kira saba, wadda aikinta ta saurari tambaya, ta nemo fayil ɗin, ta miƙa, ko ta ce babu. Shi ke nan. Haka abin yake tun 1990, lokacin da Tim Berners-Lee ya kunna saba ta farko a kan kwamfutar teburinsa a cibiyar binciken CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, kuma shafukan farko na duniya fayiloli ne na rubutu da ke ajiye a kan wannan kwamfuta ɗaya. Irin waɗannan su ake kira tsayayyun fayiloli, domin saba ba ta ƙera su lokacin da aka tambaya, yadda aka ajiye su haka take miƙa su: fayil na HTML mai ɗauke da rubutu da tsarin shafi, na CSS mai kula da launi da shimfiɗa, na JavaScript mai sa shafi ya motsa, sai hotuna. Abin lura a nan shi ne babu dokar da ta ce mai tambaya da mai amsawa sai sun kasance a na'urori biyu, balle a ƙasashe biyu. Kwamfuta ɗaya tana iya zama duka biyun. An ware mata adireshi na musamman don ta yi magana da kanta, 127.0.0.1, wanda ake yi wa laƙabi da localhost, kuma saƙon da aka aika can ba ya fita daga cikin na'urar, don haka babu kamfanin waya da zai cire maka komai a kansa.

Ga yadda ake yi. Ɗalibi ya buɗe folda, ya sa mata suna, ya rubuta fayil a ciki mai suna index.html. Sai ya buɗe baƙin allon nan da ake rubuta umarni, ya shiga cikin foldar, ya rubuta python -m http.server, ya danna Enter. A kan Windows sau da yawa py ake rubutawa a madadin python, a kan Linux da Mac kuma python3. Allon zai fito da layi guda yana cewa ya fara aiki a ƙofa mai lamba 8000, daga nan ya yi shiru, kamar ya maƙale. Bai maƙale ba, jira yake. Ɗalibin ya koma burauza ya rubuta localhost:8000, sai ga shafinsa. Yanzu ya sake leƙa baƙin allon. Zai tarar an rubuta sabon layi mai ɗauke da adireshin wanda ya yi tambaya, da lokacin da ya yi ta, da kalmar GET, da sunan abin da aka nema, a ƙarshe kuma lamba 200, ma'ana an samu an bayar. Idan ya sa hoto a shafin amma ya kuskure harafi ɗaya a sunan hoton, layi na gaba zai ƙare da 404, ma'ana an nema babu. Idan ya sake loda shafin bai canza komai ba, yana iya ganin 304, wato saba ta ce wa burauza wanda ke hannunki bai canza ba, yi amfani da shi. In ya gama, ya danna Ctrl tare da C, saba ta tsaya. A cikin minti goma wannan yaro ya ga da idonsa abin da wasu ke haddacewa don jarrabawa ba tare da sun taɓa ganin sa yana faruwa ba. Gani ya kori ji.

Yaren kwamfuta na Python, wanda wannan umarni ke cikinsa, ba shi kaɗai ke da irin wannan saba ba, kuma ba sai na daɗe a kan sauran ba. Mai PHP a kwamfutarsa zai rubuta php -S localhost:8000, abin da aka shigar a yaren tun fitowar PHP 5.4 a 2012. Java ta kawo nata mai suna jwebserver a fitowa ta 18, cikin 2022. Ƙananan na'urori masu Linux da yawa suna ɗauke da BusyBox, wadda ke da httpd a cikinta. Akwai Caddy, fayil ɗaya tak da ake kwafa a filashi. Masu aiki da Node kuwa sun saba da npx http-server ko npx serve. Wanda ya ci karo da tsohon darasi yana cewa a rubuta SimpleHTTPServer ya sani cewa na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 1 ga Janairu, 2020. A birnin da wuta da sabis suka wadata, zaɓi tsakanin waɗannan ra'ayi ne kawai. A nan kuwa akwai ma'auni: wanne ne zai tashi ran da babu sabis sam? Umarnin npx yana fara sauko da manhajar daga intanet ne a karon farko, don haka malamin da bai tanada tun da wuri ba zai tsaya a gaban aji yana kallon allo. Na Python kuwa a cikin yaren yake zuwa, kuma fayil ɗin girka Python a kan Windows bai kai megabait 30 ba. Mutum ɗaya ya sauko da shi sau ɗaya, filashi ɗaya ta zagaya makarantu goma. Saboda haka nake fifita shi ga mai farawa, ba don ya fi sauran inganci ba, domin a wasu abubuwa ma sun fi shi, kamar yadda zan nuna.

Tambayar farko da mai hankali zai yi ita ce: in dai fayil ɗin yana kan kwamfutata, me ya hana in danna shi sau biyu ya buɗe, ba sai na wahalar da kaina da baƙin allo ba? A makon farko babu abin da ya hana, shafin zai buɗe. Amma a duba saman burauza, za a ga adireshin ya fara da file, ba http ba, kuma burauza tana ɗaukar waɗannan biyun da hukunci daban. Saboda tsaro, ba ta barin shafin da aka buɗe ta hanyar file ya karanto wasu fayiloli yadda ya ga dama, don kada wani ya turo maka shafi ya kwashe abin da ke cikin kwamfutarka. Ran da ɗalibi ya so shafinsa ya ɗauko jerin farashin gero da dawa da wake daga wani fayil na daban ta amfani da fetch, Chrome zai ƙi, ya fito da jan rubutu. Ran da ya raba JavaScript ɗinsa gida-gida yana kiran wani daga cikin wani, zai sake ƙi. Idan ya rubuta hanyar hoto ta fara da karkataccen layi, kamar yadda ake yi a shafukan gaske, burauza za ta tafi neman hoton can tushen faifan kwamfutar, ba cikin foldarsa ba. A nan ne yara da yawa ke karaya. Sun rubuta daidai, abu ya ƙi aiki, babu wanda ya gaya musu dalili, sai su yanke cewa kansu ne bai ɗauka ba. Laifin ba nasu ba ne, na tsarin koyarwar da ya ɓoye musu saba ne.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman, mu masu rubutu da Hausa, wanda littattafan da aka rubuta don wasu ba su cika damuwa da shi ba. Haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, kowanne yana cin gurbi biyu a tsarin UTF-8 da ake ajiye rubutu da shi, alhali a ko b suna cin ɗaya. Idan ba a gaya wa burauza cewa da wannan tsari aka rubuta ba, tana iya karanta gurbin biyu a matsayin haruffa biyu na wani tsohon tsarin Turai. Sai ƙ ta fito a matsayin Æ™, kalmar ƙasa ta koma Æ™asa, abin da duk mai karanta shafukan Hausa ya taɓa cin karo da shi ya ɗauka wayarsa ce ta lalace. Sabar Python ba ta faɗin tsarin haruffa idan tana miƙa fayil na HTML, ta bar wa mai shafi ya faɗa da kansa. Maganin layi ɗaya ne a saman fayil, wanda ke cewa charset ɗin utf-8 ne. Wanda ya ga Æ™ a shafinsa, ya gano dalili, ya gyara da hannunsa, ya fita daga sahun masu rubuta kasa suna nufin ƙasa don tsoron kada harafi ya watse.

Har yanzu muna maganar mutum ɗaya ne da na'urarsa. Amfanin da ya fi girma ga makaranta yana zuwa ne idan aka haɗa na'urori. Malami ya kunna hotsifot a wayarsa ta Android ya kashe data, ko ya kunna ƙaramar rawuta wadda babu layi a cikinta. Kwamfutarsa da wayoyin ɗalibai su hau. Ya rubuta ipconfig ya ga adireshin da aka ba kwamfutarsa, wanda galibi yake farawa da 192.168, ya rubuta shi a allo da alli, ya ƙara :8000 a ƙarshe. Duk ɗalibin da ya shigar da wannan a burauzarsa zai ga foldar malam: darasi, misalai, littattafai, har da fayil ɗin girka Python ɗin kansa. Idan babu index.html a ciki, saba za ta jero sunayen fayilolin a danna a sauke. Hotsifot na waya ba ya ɗaukar mutane da yawa, galibi goma ne iyaka, don haka babban aji sai da rawuta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga yaranmu. Duk wanda ya taɓa tura fim ko karatu ta Xender ya riga ya yi amfani da hanyar sadarwa ta cikin gida wadda ba ta bi ta kamfanin waya ba, kuma masu tura fina-finai a bakin kasuwa sun daɗe suna cin abinci da ita. Ba kuma sabon tunani ba ne a ilimi. Cliff Missen na Jami'ar Iowa ya koyar a Jami'ar Jos a ƙarshen shekarun 1990, ya ga yadda rashin intanet ke hana karatu, daga nan aka samar da eGranary, faifai mai ɗauke da tarin shafuka da ake rabawa ta hanyar sadarwar cikin makaranta. Kiwix, wadda aka fara a 2007, tana yin haka da Wikipedia, har da ta Hausa, kuma tana da sabarta ta layin umarni mai suna kiwix-serve. Bambancin kawai shi ne waɗancan suna kawo mana abin da wasu suka rubuta, wannan kuwa yana ba ɗalibi damar ya rubuta nasa, abokansa su buɗe a wayoyinsu nan take, su gaya masa rubutun ya yi ƙanana ko hoton ya fita daga allo.

Me ya sa nake nacewa a kan a raba koyo da dogaro da sabis? Saboda shekarun baya-bayan nan sun ba mu hujja isasshiya. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Jihar Zamfara baki ɗaya saboda matsalar tsaro, aka biyo da ƙananan hukumomi da dama a Katsina maƙwabciyarmu da Sakkwato da Kaduna, wasu wuraren suka yi watanni a haka. A ranar 14 ga Maris, 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da yawa, har bankuna suka shiga wahala. A watan Janairu na 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin 100. Tsarin koyarwar da ke tsayawa cak duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ta faru tsari ne da aka gina kan abin da ba ya hannunmu. Amma a yi adalci, akwai abin da saba ta cikin gida ba ta magancewa, wato wuta. A watan Oktoba na 2024, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, Kano da galibin Arewa sun kwana fiye da mako guda a duhu, kuma a ƙauyukanmu wannan ba labari ba ne, yau da kullum ne. Don haka ne nake cewa idan kuɗi kaɗan ne, faifan sola da batir da rawuta sun riga kuɗin data na wata-wata. Na farko ana saya sau ɗaya a yi shekaru, na biyu yana ƙarewa ran talatin ga wata ko kafin nan.

Wasu malamai za su ce baƙin allo yana tsorata yara, ga shi komai da Turanci, gara a ba su manhaja mai maɓalli, kamar Live Server da ake ƙarawa a VS Code, wadda ke sake loda shafi da kanta duk lokacin da aka adana. Ban raina wannan manhaja ba, tana rage wahala, kuma bayan wata ɗaya ko biyu babu laifi a koma mata. Sai dai ita ma saba ce take kunnawa a ɓoye, a ƙofa ta 5500, kuma ran da ta ƙi tashi, wanda bai san me take yi ba bai san ta inda zai fara ba. Wanda ya fara da layin umarni kuwa, idan ya ga an ce adireshi yana hannun wani, ya san wata saba ce ta riga ta riƙe ƙofar 8000, sai ya ƙara 8001 a ƙarshen umarninsa ya ci gaba. Batun Turanci kuma an fi ƙarfafa shi fiye da yadda yake. Umarnin da mai farawa ke buƙata ba su kai goma ba. Yaron da ya haddace lambobin duba kuɗi da na sayen data da na tura kati, masu taurari da shinge, ba zai gagara riƙe cd da dir ba. Sau da yawa tsoron na malamin ne, domin shi ma ba a koya masa ba, kuma wannan abin gyarawa ne a horon malamai, ba dalilin hana ɗalibai ba.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu cewa kasuwa ba ta sayen wannan. Kamfanoni suna neman masu iya manyan kayan gina shafi irin React da makamantansa, shirye-shiryen gwamnati irin 3MTT da aka ƙaddamar a 2023 suna auna nasara da samun aiki, to me ya sa za a tsare ɗan Makoda a kan fayil uku da folda alhali takwaransa na Legas ya yi nisa? Amsa ta farko ita ce waɗannan manyan kayan aiki, in sun gama haɗa shafi, abin da suke fitarwa a ƙarshe sau da yawa shi ne folda mai ɗauke da HTML da CSS da JavaScript, wato tsayayyun fayilolin nan dai. Kuma idan ƙwararre a Legas ko Landan yana aiki da su, a localhost yake dubawa, ba a intanet ba. Hanyar da nake kira a bi ba ta talakawa ba ce, ita ce hanyar masu sana'ar a ko'ina. Amsa ta biyu ta kuɗi ce. Fara sabon aiki da irin waɗancan kayan yana sauko da dubban fayiloli, abin da kan haura megabait 100, kuma in sabis ya yanke a tsakiya a sake. Aji mai mutum talatin, kowa ya yi haka, a lissafa. Amsa ta uku ita ce a dubi wanda zai buɗe shafin. Shafin intanet na yau, a matsakaici, ya haura megabait 2, saboda masu gina shi ba su taɓa zama inda sabis ke rarrafe ba. Ƙungiyar manoma da ke son sanar da lokacin rabon taki, ko makarantar Islamiyya da ke son fitar da jadawalinta, ko mai sayar da irin shuka, shafi mara nauyi suke buƙata, mai buɗewa a ƙaramar waya. Wanda ya ga kowane fayil yana wucewa ɗaya bayan ɗaya a baƙin allo ya fi sanin abin da ke sa shafi nauyi. Idan lokacin React ya zo, ba a hana shi ba, kuma zai fi saurin gane shi.

Akwai haɗari guda da ba zan so a fita daga ɗakin nan ba a riƙe shi ba. Masu Python da kansu sun rubuta gargaɗi cewa wannan saba ba ta aikin jama'a ba ce, domin tsaronta kaɗan ne. Abu biyu ke jawo matsala. Na farko, in ba a ce mata komai ba, tana amsa wa duk wanda ke kan hanyar sadarwa ɗaya da kai, ba kai kaɗai ba. Na biyu, tana miƙa duk abin da ke cikin foldar da aka kunna ta, har da foldojin da ke ƙarƙashinta, ba ta tambayar kalmar sirri. Malamin da ya kunna ta a babbar foldarsa ta takardu don ya raba darasi ɗaya ya yi kamar wanda ya buɗe wa baƙi zaure ya manta babu ƙyaure tsakanin zauren da cikin gida: tambayoyin jarrabawa, sakamakon ɗalibai, hotunan iyali, duk suna nan ga mai dannawa. Gyaran mai sauƙi ne. A ware folda ta musamman, a sa abin da ake son rabawa kawai a ciki, a kunna saba daga can, ko a nuna mata foldar da --directory, wanda aka ƙara tun Python 3.7. In mutum shi kaɗai yake aiki, musamman a shagon intanet ko kan hotsifot na wani, ya ƙara --bind 127.0.0.1, ba wanda zai gan shi. A wannan fanni jwebserver ta fi hankali, domin ita da kanta kaɗai take magana sai an ce ta buɗe.

Sauran iyakokin ma a faɗe su. Sabar Python ba ta iya miƙa yankin fayil, don haka idan bidiyon darasi ne, tsallakawa zuwa tsakiya kan ba da wahala, a nan Caddy ko http-server sun fi. Ita kuma http-server tana gaya wa burauza ta riƙe fayil na awa ɗaya, sai ɗalibi ya gyara shafi ya loda ya ga tsohon, ya yi ta neman kuskuren da babu, har sai an koya masa ƙara -c-1. Wasu abubuwa, kamar kyamara da gano wurin da mutum yake da sa shafi ya yi aiki ba sabis, burauza tana yarda da su a localhost amma ta ƙi a adireshin 192.168, saboda ba ta ɗauke shi amintacce ba. Windows ba ya bambanta Hoto.jpg da hoto.jpg, amma sabobin intanet masu Linux suna bambantawa, don haka a saba da ƙananan haruffa tun farko. Kuma tsayayyen shafi ba ya ajiye abin da mai ziyara ya cike a fom. Wanda ke son rajistar ɗalibai ko karɓar kuɗi ya shiga wani babi na daban.

Saura masu cewa irin wannan magana tana sauke wa hukuma nauyi, tana koya wa talaka ya ce da babu gara ba daɗi. Ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum sama da 200,000 ta cancanci sabis mai kyau da wuta tsayayya, kuma babu layin umarnin da zai maye gurbin wannan haƙƙi. Ƙungiyoyi irin CITAD a Kano sun daɗe suna wannan kira, ya kamata a mara musu baya. Amma neman haƙƙi da fara aiki ba sa karo da juna. Yarinyar da ke aji biyar na sakandare bana ba za ta tsaya a aji biyar tana jiran a dasa turken sabis ba, shekarunta tafiya suke. Idan ta je Kazaure ko Wudil ko Jami'ar Bayero neman ilimin kwamfuta, za ta zauna aji ɗaya da waɗanda suka taso da kwamfuta a ɗaki, kuma watannin da ta yi tana gina shafi a kan na'urar makaranta su ne za su rage tazarar. Intanet tana da wurinta a wannan tsari: ranar da za a sauko da kayan aiki da littattafan bayani, da ranar da aiki ya kammala za a ɗora shi a masauki kyauta irin GitHub Pages, inda foldar nan dai ake turawa yadda take, abin da in babu manyan hotuna bai kai nauyin saƙon murya ɗaya na WhatsApp ba.

Wanda ba shi da kwamfuta ma ƙofa ba ta rufe masa ba. Akwai manhajar Android mai suna Termux, wadda aka fi samun ingantacciyarta a F-Droid, tana ba waya baƙin allo irin na Linux. A rubuta pkg install python sau ɗaya inda akwai sabis, daga nan umarnin nan mai kalma uku yana aiki a cikin wayar, a buɗe Chrome a wayar dai a ga shafin. Rubuta dogon aiki da babban yatsa akwai gajiya, ba na ɓoyewa, kuma wasu wayoyin suna kashe manhajar da ke aiki a baya don tattalin batir, sai an shiga saiti an hana su. Ƙaramin allon rubutu mai haɗuwa da waya ta Bluetooth ko ta igiyar OTG yana rage rabin wahalar, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na kwamfuta ba. Makarantar da ke da tsohuwar kwamfuta guda mai tashi, ta sa ta zama sabar aji, a kwafe mata littattafan bayanin Python da Wikipedia ta Hausa, ɗalibai masu waya su zauna bibbiyu da waɗanda ba su da ita, kowane rukuni da foldarsa mai sunansa.